Almakashin Marigayiya da Ɗakin Kwamfuta

Jiya aka kama ni da almakashi a cikin jami'a. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba.

Ga yadda aka yi. Autata tana shekarar ƙarshe a karatun injiniyancin manhaja, kuma tun da ta shiga, a takarda take rubuta manhajarta, malami ya duba da jan biro. Koyon iyo a kan tabarma ke nan. Ba wai babu kwamfutoci ba. Suna nan a sabon ɗaki, cikin ledarsu. Sai dai an gitta jan ƙyalle a ƙofar, ba mai shiga sai Mai Girma Uban Cigaba, Allah ya ƙara masa tafiye-tafiye, ya zo ya yanke.

Makon gobe za ta kare aikinta, kuma masu ɗaukar ma'aikata na wani kamfani za su zo kallo. Da safe ta ce, "Baba, ban san ko manhajar tana aiki ba. Ban taɓa kunna ta ba."

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo ta katanga. "Malam, haƙuri. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Na ce, "Ya dafa, amma da izinin wa zai buɗe tukunyar?"

Na ɗauko almakashin ɗinkin marigayiya uwarta, wadda ba ta taɓa jiran kowa kafin ta yanka yadi ba, muka tafi. Ina kai almakashi kan ƙyallen, maigadi ya cafke hannuna, ya kira wani jami'i mai tumbin albarka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya tsayar da bikin?"

"Kwamitin sayo almakashi bai zauna ba."

"Ga shi kyauta."

Ya dube ni da tausayi. "Dattijo, wannan bai bi ƙa'ida ba."

Muna cikin haka sai Auta ta ja mini riga. Akuyar maigadi ce ta kama bakin ƙyallen tana tauna a natse, ba jawabi, ba jiniya, har ta haɗiye.

Maigadi ya sosa ƙeya. "Ni dai umarnina, kada kowa ya tsallake ƙyalle. To ina ƙyallen?"

Jami'i ya ruga neman wanda zai tambaya. Auta ta shige, ta yage leda, ta shigar da aikinta. Sau biyu na'urar ta yi mata gardama, ta gyara, a na uku ta tashi. Ta juyo tana dariya irin ta uwarta sak, ni kuma na shiga duban rufi, wai ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Na ji an kafa kwamitin binciken akuya. Shawarata, a sa wa ɗakin sunanta. A iya karatuna, ita kaɗai na sani ta ci kayan hukuma jama'a suka amfana.