Yadda Za Ka Zille wa Sitiyari Ranar Guguwa

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari: daga Bergen har Iceland, ko ɗigon ruwan teku ba zai taɓa wuyanka ba. Mu uku muka yi tafiyar a jirgin ruwan Kyaftin Ragnhild mai tafiya da iska, kowa awa huɗu a kan sitiyari. Ni na ƙirƙiro dabarar.

1. Fara tun sama tana garau

Da rediyo ya ambaci guguwa, ka daina dariya. Ka dafe ciki. Mai hankali yakan shuka ciwonsa kwana guda kafin ya buƙace shi.

2. Ƙi abinci

Wannan ne mai wuya. Halvard, na ukunmu, zai miƙo maka miyar wake, ya ce, "Kai, gwani, yau kuma azumi?" Ka kau da kai. Biskit yana aljihunka.

3. Rungumi bokiti

Da igiyar ruwa ta fara dukan jirgi, ka sauka ciki ka kwanta. Nishi biyu ya isa. Na uku wasan kwaikwayo ne.

4. Kada ka shaƙi iskar ɗakin

Warin man inji ne da busasshen kifi, ga gado yana wurgi da kai. Cikin rabin awa na cika bokitin da gaske. Har yau ina tunani: ƙaryar da ta zama gaskiya kafin a kama ka, zunubinta yana nan ko ya goge?

5. Idan mai jirgi ta leƙo

Ragnhild ta dubi bokitin, ta dube ni.

"Wayyo, Eivind. Tashi."

"Kyaftin, mutuwa nake."

"Na gani. Kwanciya ce ke kashe ka. Mai jiri sitiyari ake ba shi, ya zuba ido inda sama ta haɗu da ruwa. Haka ubana ya yi mini."

Ta ɗaure ni da igiya a bayan sitiyari. Awa huɗuna na yi, ta ƙara mini na Halvard don maganin ya kama jiki. Ruwa ya shiga mini har cikin safa. Abin haushin, na warke.

Halvard kuwa yana ciki, a gadona, yana cin biskit ɗina.

Gargaɗi

Wanda ya bi shawarar nan ya jiƙe, kada ya neme ni. Ban san shi ba, ban taɓa ganin teku ba, bokitin ma na Halvard ne.