Fiya Ɗaya Tilo a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa surukaina fiya ba. Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa ƙasa, kowa da irin mafarkinsa. Wasu babur, wasu rediyo mai kaset. Ni nawa mafarkin bishiya ce.

Ina ƙaramin malamin firamare a Birnin Kudu aka tura mu kwas Jos. A can na fara cin fiya, na ji ta kamar man shanu a harshe. Na ƙunso ƙwallonta a hula na kawo gida Farin Dutse, na binne bayan ɗakin Inna, kusa da rijiya. Ta tsiro kuwa! Duk hutu sai in shimfiɗa tabarma gefenta, in lumshe ido. Ina ganin rassa sun sunkuya da 'ya'ya, motoci sun yi layi tun daga Gwaram, iska na kaɗa ganye ana kirana Sarkin Fiya (a lokacin tsawonta bai kai gwiwata ba).

Shekaru suka shuɗe, na fara neman auren Hadiza a Dingaya. In na je zance, maimakon in yabi yarinya sai in yabi bishiya. "Bishiya ɗaya tak, 'ya'yanta na cika akori-kura," in ji ni. Magana ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji, ya aiko cewa yana jiran rabonsa.

Shekarar bikinmu bishiyar ta yi fure fari fat kamar an watsa mata gari. Zafin bazara ya zo ya kakkaɓe shi tas. Abin da ya tsira ɗa ɗaya ne. Ɗaya!

Bayan biki muka tafi gaisuwar surukai da abokina Sule. Da safen na tsinko fiyar, na ɗora a faranti, na rufe da sabon faifai. (Ba wanda ya gaya mini fiya ba ta nuna a bishiya, sai an ajiye ta ta yi laushi.) Zaure cike da dattawa, don labari ya riga mu isa. Na durƙusa na buɗe faifan. Kowa ya miƙo wuya yana leƙen farantin.

"Sauran suna mota ne, Malam?" wani tsoho ya tambaya, da gaskensa.

Na sa wuƙa, ta ƙi shiga. Na danna, fiya ta suɓuce, ta gangara har ƙarƙashin rigar liman. Da ƙyar Sule ya ɓanɓaro 'yar tsaga ya miƙa wa Alhaji. Ya yi bismilla, ya tauna, ya daɗe yana taunawa, idonsa na kawo ruwa. Sannan ya dube ni cikin tausayi.

"Madalla, ɗana. Amma wannan sabulun, na wanka ne ko na wanki?"

Dariyar da aka yi har mata suka leƙo daga cikin gida. Ni kuwa na zuba wa tabarma ido, ina roƙon ta naɗe ni. Hadiza ta yi mako tana tuntsirewa duk lokacin da na ɗauki wuƙa.

Tun daga nan na koyi abu guda: in zan yi wa mutane kyautar abin mamaki, sai na fara gutsura a ɓoye, ni kaɗai, ƙofa a rufe.