Barewar Farasan da Wayar Inna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Inna ta kira ni ina kwance rub da ciki a bayan wani dutse a tsibirin Farasan ba. Na yi ƙoƙarin mantawa, wallahi na yi. Mutanen unguwarmu a Madina, Harra ta Yamma, ne ba su bar ni ba.

Aikina a Madina ɗaukar kaya ne. Ubangidana, Alhaji Hamza, yana da 'yan motocin da ke kwaso maniyyata daga filin jirgi zuwa masauki, su kuma mayar da su idan sun gama ziyara. Ni ne mai lodi. Duk jakar da wata Hajiya ta rantse cewa "'yan tsummokarana ne kawai a ciki", alhali ta danƙare ta da dabino da butocin shayi da barguna, a gadon bayana take sauka. Shekara da shekaru ina wannan, har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa idan na yi ruku'u. Likita ya ce in daina ɗaukar nauyi ko in kwanta gaba ɗaya. Na ce masa to, sai dai ya taimaka ya gaya wa jakunkunan.

Alhaji Bahaushe ne, amma irin waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Ɗan ƙasa ne, Hausarsa kuma rabi da rabi take da Larabci. Wata rana bayan alhazai sun watse, motoci na zaune suna shan rana, ya tara mu ya ce samarin yanzu sun ɓullo da wani sabon yayi: mutum ya goya jaka ɗaya tal, ya hau motar haya, ya kwana a wuri mai araha, ya tsallaka tsibiri kallon namun daji. Yana so ya fara kai su Farasan, can kudu a cikin Bahar Maliya, inda aka ce akwai barewa. Yana neman wanda zai je ya gano hanya, in ya iya, shi zai zama jagoran tafiyar.

Jagora fa ba ya ɗaukar jakar kowa. Nuni kawai yake yi da yatsa. Bayana ne ya fara jin wannan magana kafin kunnena.

"Alhaji, ai ni a daji na tashi," in ji bakina, ba tare da ya yi shawara da ni ba. "Kakana Sarkin Baka ne. Da ƙamshi nake gane barewa."

(A Fagge aka haife ni, a tsakiyar birnin Kano. Kakana tela ne. Naman dajin da na fi saba da shi a rayuwata shi ne ɓeran ɗakin girkinmu.)

Alhaji ya ce, "Masha Allah, tayyib. Sai ku tafi da Faisal."

Faisal ɗansa ne, saurayi siriri wanda kullum kunnensa a toshe da waya. Tun da na san shi ban taɓa jin kalmar Hausa ɗaya ta fito daga bakinsa ba, sai Larabci. Ka ce masa "ina kwana", ya ce "hala". Ka ce "ya gida", ya ce "tamam". Tuni na yanke hukunci a raina cewa yaron nan ko "zo in kashe ka" ba ya ji, har ina tausaya wa Alhaji.

Ranar tafiya Faisal ya fito da wata 'yar jaka kamar zai je islamiyya. Ni kuwa, ni da nake zagin alhazai a zuci saboda yawan kaya, na fito da jakar goyo da ta fi ni faɗi: tukunya, buta, dadduma, ƙuli-ƙuli, yaji, har da bargo. Bargo, jama'a, zuwa wurin da ko kifi gumi yake yi.

Muka hau motar haya zuwa Jizan, garin da ake shiga jirgin ruwan Farasan, tafiyar da har ka gaji da zama ka gaji da gajiyar ba ta ƙare ba. A hanya Inna ta kira daga Kano. Dole in yi bayanin abu biyu a nan. Na farko, sifikar kunnen wayata ta mutu tun bara, ba na jin kowa sai na buɗe murya kowa ya ji. Na biyu, ba a kashe wa Inna waya. Sau ɗaya na taɓa yi ina tsakiyar lodi, kafin azahar ta tara dangi an fara yi mata jaje, ta kuma rantse mini cewa duk ranar da na sake, kada in ƙara kiranta uwa. Don haka na ɗauka, Faisal na gefena yana kallon taga, na zazzage mata labari son raina.

"Inna, ai na ce musu ni jikan maharba ne. An haɗa ni da ɗan Alhaji, wani sakarai ɗan madara, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ki gan shi nan zaune kamar an jiƙa kaza."

Faisal bai ko motsa ba. Na ce a raina, Allah sarki, gidan Alhaji an yi asarar harshe.

Daga Jizan muka shiga jirgin ruwa, wanda kyauta ne (na tambaya har sai da ma'aikacin ya fara harara ta). Jikan Sarkin Baka ya yi tafiyar nan kansa a cikin leda, Faisal na riƙe masa jaka. Da muka sauka, don neman araha na hana mu ɗaukar tasi, na tsayar da a-kori-kurar wani masunci. Shi Faisal aka sa shi gaba. Ni aka ɗora ni a baya tare da akwatunan kifi, har muka isa masauki kuliyoyin garin na bi na a layi kamar na zo da saƙonsu. Ɗakin da na samo mana kuwa, fankarsa ba ta kawo iska, zafin kawai take juyawa don kowa ya samu rabonsa.

Da yamma muka fita miƙe ƙafa a bayan gari. Can nesa na hango wata dabba ja-ja tana kiwo, na ce a raina ga barewa. Na dafe ƙirjin Faisal, na rage murya, na ce da Larabcina na lodi, "Gazal! Ɗauki hoto." Ya ɗauka. Dabbar ta ɗago kai ta nufo mu, sai ga gemu, sai ga igiya a wuya tana jan ƙasa. Bunsuru ne. Na koma bayan Faisal da sauri, na ce masa wai don kada in tare masa haske ne.

Ya ce, "Tamam."

Washegari da sassafe muka bi wani dattijo mai gadin gandun da bareyin suke. Tare da mu akwai wasu Turawa biyu, mata da miji, da kyamara mai dogon baki kamar turmi. Dattijon ya ce Turawan sun sha zuwa ba su dace ba, yau kuma za su bar tsibirin. Ya ce barewar nan tsoro gare ta, ko tari ka yi ta tafi ke nan.

Ai kuwa kamar ya ba ni sarauta. Bayan abin kunyar bunsuru ina bukatar in farfaɗo da martabata a idon Faisal, domin abin da ya gaya wa babansa shi ne makomar bayana. Na shiga ba da umarni. Na sa Baturen ya cire hularsa mai haske. Na yi wa matarsa alamar ta daina taka busasshen ganye. Na ɗebi ƙasa na watsa sama wai ina duba inda iska ke kaɗawa (ta dawo mini a ido). Har dattijon da ya tsufa a wurin sai da na ɗora yatsa a leɓe na ce masa "shhh". Na karɓi wayar Faisal da hannuna na kashe ta, na harare shi, irin hararar da ke nufin yaran yanzu ba su san daji ba.

Muka kwanta a bayan duwatsu muka yi tsit. Rana ta fara leƙowa. Gumi na bin bayana, tururuwa na zagaya cikin wandona, ban motsa ba.

Sai ga su. Uwa da ɗanta, da wani namiji mai ƙaho a bayansu, suna takowa a hankali, ƙafafu sirara kamar tsinken tsire. Gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har na ji idona ya kawo ruwa. Baturiyar ta riƙe numfashi. Mijinta ya ɗora yatsa a kan kyamara.

Daga can ƙasan jakata, ƙarƙashin tukunya da bargo, wayata ta ɗauki kuka.

Wayar Faisal na kashe, na manta da tawa. Kuma sautin da na ware wa Inna ne.

Bareyin suka ɗaga kunne, amma ba su gudu ba tukuna. Da na danne jakar da cikina har kiran ya tsinke, wataƙila da an tsira. Amma wa zai je ya yi wa Inna bayanin barewa? Na zazzage jakar, tukunya ta faɗi kan dutse ta yi ƙara, murfinta ya gangara yana waƙa. Na ɗauki kiran. Sabis ba shi da ƙarfi a kwance, don haka jikan Sarkin Baka ya miƙe tsaye, ya hau kan dutsen, ya ɗaga waya sama.

"Salamu alaikum, Inna, ina kwana?"

Ko ƙurar barewar ban gani ba. Baturen ya kifa goshinsa a ƙasa. Dattijon ya dube ni, ya ɗora yatsa a leɓensa a hankali, ya mayar mini da "shhh" ɗina.

Ita kuwa Inna, murya a buɗe, duk tsibirin na ji:

"Auta! Ka tashi lafiya? Ya baƙunta? Ya ruwan? Ni fa ban runtsa ba. Wai kai ne za ka shiga daji? Kai da bunsurun gidan Malam Sule ya bi ka har ka jiƙa wando, kana da gemunka? Kai da ko kaza ba ka iya riƙewa a yanka? Ka ji tsoron Allah ka gaya wa mutanen nan kakanka tela ne. Ina sakaran yaron da ka ce an haɗa ka da shi, ɗan madarar? Shi ma yana nan?"

Na ce a raina, alhamdu lillahi, duk wannan tonon silili a banza, babu mai jin Hausa a nan sai ni da Allah.

Sai na ji an zare wayar daga hannuna. Faisal ne. Ya ɗan rusuna kamar tana gabansa, ya buɗe baki, sai ga Hausa garau, irin ta tsofaffi, wadda ko ni ban iya jera ta haka ba:

"Inna, barka da asuba. Mun same ku lafiya? Ya iyali, ya ƙarfin jiki? Ni ne sakaran."

Ban san lokacin da na zauna a kan tukunya ba.

Inna ko a jikinta. "Allah sarki, ɗan albarka! Ashe kana ji? Wa ya koya maka?" Ya ce kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda an yi mata Larabci a ɗaki ba. Suka shiga hira. Ya ce don Allah ta ƙarasa masa labarin bunsurun. Ta ƙarasa, har da launin wandon.

Sai a lokacin na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun shekarun baya: in yaron nan ba ya ji, ta yaya kullum yake sanin amsar da zai ba ni?

Har muka dawo Madina bai ce mini uffan a kan maganar ba. Ya koma "hala" da "tamam" ɗinsa, har na fara sa rai ko ya rufa mini asiri. Muka shiga majalisar Alhaji bayan la'asar, direbobi duk suna zaune ana shan shayi. Faisal ya yi bayanin mota da jirgi da masauki da Larabci, tsaf, bai ambaci abin da ya faru ba. Alhaji ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayi, ya juyo gare ni da fara'a.

"Sannu da hanya, Sarkin Baka. Ya muka ji da bunsuru?"

Ashe tuni Faisal ya gama ba su labari. Wani direba sai da shayi ya fito masa ta hanci.

Jagorancin dai Faisal aka ba. Ni na koma lodi, da ɗamarar da likita ya rubuta mini da sabon suna, Sarkin Baka, da har yaran unguwa sun haddace. Abin da na koya bai da yawa: a Harra, duk wanda ya amsa maka da Larabci, ka ɗauka yana da kaka. Sannan ka gyara sifikar wayarka kafin ka gyara tarihin kakanka.

Inna kuwa ta karɓi lambar Faisal. Duk Juma'a sai sun gaisa, wani lokacin a bakinsa nake jin labarin gidanmu. Da Umarar azumin bana ta ba wata maƙwabciyarmu saƙo ta kawo: ƙaton buhu, kilishi da dambun nama da daddawa, an rubuta a jiki da babban baƙi, "Na ɗana Faisal". Ni ko ƙuli-ƙuli ba a sako mini ba.

Ni na ɗauko buhun daga filin jirgi, a gadon bayana.