Ledar da na hana a ɓare

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, a shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suna riƙe da ƙasa. Har yau in na tuna ta sai kunya ta kama ni. Kuma in gaya muku gaskiya, ba kunya kaɗai nake ji ba, har da haushi.

Ni ɗan kasuwa ne, butik ɗina, wato kantina, yana Zongo a nan Yamai. Da batir da kaset na fara a kan tebur lokacin da na zo daga Maraɗi, har Allah ya kai ni ga sayar da ordinater, wato kwamfuta, da kayansa. A lakkwal, makarantar boko, ban wuce aji huɗu ba, amma babu wanda ya taɓa sayar mini da matacciyar na'ura da sunan mai rai. Wannan shi ne abin taƙamata, kuma shi ya kai ni ya baro.

Waɗanda suka yi aiki da tsohon ekran ɗin nan mai ƙusumbi, wato allon ordinater, sun san halinsa. Nauyi kamar buhun siminti, zafi kamar murhu, hotonsa kuma yana rawa a ido har kai ya yi ciwo. Maganin da muka sani shi ne wani gilashi mai duhu da ake ratayawa a gabansa don ya tace haske. Ban san iyakar irinsa da na sayar ba. To da shafaffen ekran ya shigo, na buɗe kwali na ga wata siririyar leda manne a fuskarsa, sai na yi lissafi irin na mai wayo: waɗannan mutane sun ci gaba, sun mayar da gilashin tace haske leda. Ban tambayi kowa ba (wa zan tambaya, ni da ake zuwa tambaya?). Ga shi kuma mu nan ba ma raba sabon abu da ledarsa. Kujerar mota, rediyo, katifa, duk a leda muke barinsu, don wanda ya shigo ya san ba gwanjo ba ne.

A lokacin akwai wani biro, wato ofis, a unguwar Koira Kano da ke tattara sunayen ƙauyukan da yunwa ta taɓa, don a kai musu hatsi. Ma'aikatansa daga safe har yamma suna buga sunaye a gaban masu ƙusumbi, idanu jawur. Babbar sakatare a wurin Hajiya Rabi ce, yayar matata. Ita ta tsaya mini a gaban shugaban biro ɗin, wani kumandan na soja mai ƙarancin magana. Aka ce in kawo shafaffu goma a gwada. In idanu sun huta, ni zan kai wa rassansu na Tawa da Damagaram gaba ɗaya. Ciniki ne irin wanda ke ɗaga mutum daga mai butik zuwa mai magaza, babban ɗakin kaya na 'yan sari.

Na kai, na haɗa da hannuna, sannan na tara ma'aikata na yi musu huɗuba. Na ce ledar nan ita ce lafiyar idanunku, wanda ya ɓare ta ya ɓare garanti, kuma in ya makance kada ya neme ni. Suka gyaɗa kai. Wata ma har ta rubuta a takarda ta manna a bango.

Bayan mako biyu Hajiya Rabi ta kira ni.

"Alhaji, ka zo ka ga kayanka. Idanun mutane sun fi da ja."

"Yaya, sabo ne ba su yi ba."

"Sabon me? Rubutu kamar a cikin kunu. Takwas tana komawa uku, kuma buhunan hatsin mutane muke rubutawa, ba wasiƙar gaisuwa ba. Kumandan yana son ganinka Talata."

Na tafi cikin sabuwar shadda, da amsoshina a shirye: kuran ɗin unguwar, wato lantarki, ne ba ya tsayawa, suna zama kusa da yawa, ba sa rufe labule. Na shiga babban ɗakin aiki, kumandan yana tsaye, ma'aikata kowa a teburinsa. Gaskiya ledojin sun yi kumburi nan da can, ƙura ta kama gefensu, hasken taga yana haskawa a kansu kamar kwanon tasa. Ban kula da wannan ba. Abin da idona ya kama shi ne ekran guda a lungu, tsirara, babu leda.

Ai sai na ji daɗi. Na samu mai laifi.

"Wa ya ɓare wannan?"

Can wata tsohuwa Bazabarma mai share biro ɗin, Inna Gambi suke kiranta, ta ajiye tsintsiya ta ce ita ce. Ta ce gefen ledar ya tashi, yana kama mata tsumma in tana goge ƙura, shi ne ta ja ta ƙarasa.

Allah ya yafe mini abin da na yi. Na ɗaga murya a kan matar da ta isa ta yi jika da ni. Na ce abin da ke kashe ƙasar nan ke nan, a ba jahili tsumma ya shiga cikin kayan ilimi. Na ce injiniyoyi sun zauna sun yi nazari sun sa kariya, ita da tsintsiya ta zo ta gyara musu. Na juya wurin kumandan na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga irin abin da ake yi wa kayana, sannan a ce kayan ne ba su da kyau. Bawan Allahn da ke zama a nan, in ba a yi sa'a ba, ya kusa sayen sanda."

Mai teburin, wani dattijo da suke kira Mushe Idi (malam Idi ke nan a Faransance), ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Alhaji, yi haƙuri. A ɗakin nan ni kaɗai ne kaina bai yi ciwo ba. Tun ranar da Inna ta cire ta nake gani tar. Na yi shiru ne don kada a ce na ɓata garanti."

Wata daga baya ta ce ai shi ya sa suke bin layi a teburinsa da tsakar rana in za su duba lambobi.

Kumandan ya taka zuwa tebur na kusa, ya sunkuya, ya nuna mini kusurwar ledar. Akwai ɗan jan kunne a wurin, da hoton hannu yana jan leda, da kibiya. Na sha ganinsa. Na ɗauka tambarin kamfani ne (kuma har gobe ina cewa, mutumin da zai aiko kaya ƙasar da ake Faransanci ya rubuta gargaɗi da Ingilishi da haruffa ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, shi ma yana da nasa alhakin). Kumandan ya sa farce ya ja. Ledar ta taso da wata ƙara da ba zan so maƙiyina ya ji ba. Rubutu ya fito baƙi ƙirin a kan fari tas.

Ya duba ekran ɗin na ɗan lokaci, ya dube ni.

"Har yanzu ina gani, Alhaji." Sannan ya juya. "Inna, a cire sauran. Alhaji zai taimaka miki, shi ya san kayan."

Haka na bi tebur takwas ɗaya bayan ɗaya cikin shaddata, ina ɓare leda, Inna Gambi tana biye da ni da kwandon shara. A tebur na uku ta ce mini a hankali, "Daga kunnen ake ja, ɗana." Hajiya Rabi kuwa ta dulmuya kai cikin wani fayil, ba ta ɗago ba har na gama.

Kafin in fita na durƙusa na ba tsohuwar haƙuri. Ta ce ba komai, ai kowa da abin da ya sani.

Cinikin Tawa da Damagaram wani mai butik a unguwar Maourey aka ba. Ekran iri ɗaya da nawa, daga hannun dila ɗaya muke saro su. Bai fi ni sanin komai ba, na san shi sarai, ko fis ɗin wuta bai iya canzawa ba. Abin da ya fi ni kawai shi ne bai yi wa kowa huɗuba ba. Wannan ne ke ci mini rai har yau: kayana ba su da aibi ko ɗaya, idanun mutanen sun huta, bakina ne ya kore ni.

Tun daga nan na riƙe abu guda. Ɗan kasuwa ba zai rasa yin kuskure ba, amma in za ka yi, yi shi da ƙaramar murya, kuma kada ka tara mutane su rubuta shi a bango.