Yadda Za Ka Cika Aji Kafin Sufeto Ya Iso

Ranka ya daɗe hedimasta, na ji labarin takardar da aka aiko maka: ranar Litinin sufeto zai zo, in bai ƙirga ɗalibai talatin a zaune ba, a rufe makarantar. Kai kuwa bakwai gare ka, biyu ma don inuwa suke zuwa. Kwantar da hankalinka. Ni ma hedimasta ne, shekara goma sha tara na yi ina shugabantar bencunan da ba kowa a kansu. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ajinka zai cika har taga.

1. Kada ka bi yara gida

Kashe takalmi ne kawai. Uwa za ta ce, "Ayya malam, yanzun nan ya fita," alhali ga ƙafarsa a ƙarƙashin gado. Yaro yana da gudu, kai kuwa gwiwarka ta fara ƙara.

2. Ɗebo iyayen

Su ba sa iya gudu. Sufeto daga bakin ƙofa yake ƙirga kawuna, ba ya duba furfura. Kira tsohon telan unguwa, da mai gyaran keke, da surukarka, ka ce taron rabin awa ne. In surukarka ta ce, "Ni za a ɗora a bencin yara?" ka durƙusa ka ce, "Inna, ai ke ce monita." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi muƙami ba.

3. Ɓoye gemu

Masu gemu su koma baya, su kare fuska da littafi. Zagaya ka tabbatar ba a juye suka riƙe shi ba.

4. Koya musu amsa kira

"Na'am, malam" kawai. Mai gyaran keke zai ba ka wahala, don da ya ji sunansa sai ya ce, "Ban gama ba, a dawo gobe." Yi ta maimaita masa.

5. Ba su abin yi

Don kada su ɓarke da hira, rubuta wa kowa sunansa a takarda ya kwafa. Sufeto zai ƙirga talatin da huɗu, ya sa hannu, ya tafi. Sai ka ce a tashi. Ba wanda zai motsa. Tela zai ɗago takardarsa.

"Malam, wannan ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Shekara sittin ina dangwala yatsa. Gobe ƙarfe nawa?"

Wallahi lokacin da ya faru da ni, sai da na juya na yi kamar ina goge allo.

6. Ranar Talata

Iyayen za su dawo. Yaran kuma, da sun ga gida ba kowa, za su biyo su. Surukarka na bakin ƙofa da tsumagiya tana jiran masu latti, har da kai. Kawuna tamanin, duk sun zuba maka ido.

Gargaɗi

Ni cika aji na yi maka alkawari, kuma ya cika. Ban ce zan nemo maka malamin lissafinka ba, wanda rabonka da ganinsa tun ranar da aka ɗauke shi aiki. Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, kada ma ka ce ka san ni. Ɗauki alli ka shiga, tela ya riga ya ɗaga hannu.