Hular Surukina a Kaina

Da matata ta ce za ta fara ɗinkin hula, ni na sayo mata zare da allurai a kasuwar Gusau, na kuma naɗa kaina sarkin talla, ba wanda ya sa ni.

Ranar wani suna a Bungudu, garin iyayenta, na ga hular farko da ta gama a kan gado. Na ce wa ya cancanta in ba ni ba? Ban tambaya ba na kafa ta, na hau mashin.

A wurin taron na yi ta karkata kai ina cewa, "Aikin gidana ne, ku taɓa ku ji!" Mutum huɗu suka ce a ɗinka musu irinta.

Sai surukina ya yafito ni, na je na durƙusa. Ya daɗe yana duban kaina, sannan ya ce, "Malam, ta yi maka kyau. Tawa ce, wata biyu ina jiranta. In ka gama, a miƙo mini."

Kai ba hula na koma Gusau.

Yau mata uku ke ɗinki a ƙarƙashin matata, amma duk hular da ta gama sai ta ɗaga ta ce, "Maigida, wannan da mai ita."