Rasuwar Matafiyiyar Baranda

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni mai gyaran fanka da dutsen guga na hawa na uku, ɗakin ƙarshe a hannun hagu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan hira na cikin iska rasuwar eriyata, wadda aka fi sani da Matafiyiya. Ta rasu ranar Talata da yamma, a barandar da aka haife ta, tana da wata tara da 'yan kwanaki a duniya. Ba tsawa ce ta faɗa mata ba, ba kuma iska ce ta kayar da ita ba. Hannuna ne, kuma zan zo kan wannan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, akwai rediyon da ake kunnawa a saurara, akwai kuma wanda mutum ke magana a cikinsa wani ya amsa masa daga wata ƙasa. Irin na biyun nake da shi, ga lasisinsa can a bango. Sai dai rediyon da ba shi da eriya kurma ne kuma bebe. Marigayiya ce kunnensa, ita ce bakinsa.

Asalinta ba na manya ba ne. Sandar kamun kifi ce mai gaɓa bakwai masu shiga cikin juna, wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba. Na fere tsohuwar wayar lantarki na ciro jan ƙarfenta, na bi da shi jikin sandar daga gindi har tsini, mita biyar da ɗoriya. Ba ni da malami. Tsofaffin littattafai biyu ne da bangonsu ya tafi, sai na'urar awo, sai taurin kai. Kwana goma sha ɗaya na yi ina datse wayar da faɗin yatsa, in ɗaga ta, in duba allurar awo, in sauke, in sake datsewa. A nan na koyi dokar farko ta wannan aiki: ka bar waya da tsawo, don abin da ka yanke ba ya komawa. Na koya, amma ashe bai zauna ba.

An yi ta ne don tafiya. Idan aka naɗe ta, tsawonta bai wuce hannu ba. Telan da ke ƙasan benenmu ya ɗinka mata jaka mai ruwan toka da igiyar ratayawa. Daga barandarmu ana hango wani tsauni a bayan rufin gidaje, kuma littattafan sun ce a irin wannan wuri eriya kan ji duniya kamar a tafin hannu. Can na yi niyyar kai ta.

Ba ta je ba. Babana, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota daga wannan iyaka zuwa waccan, shekara biyu ke nan yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Maganarsa ta tafi, sai kaɗan. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci, ni nake masa wanka. Iyakar fitata kantin magani na kan kwana, shi ma da gudu. Yayata kan zo ranar Asabar ta karɓe ni, amma duk Asabar da na rataya jakar, ko jikin Baba ya yi zafi, ko Yaya ta aiko cewa ba ta samu zuwa ba, ko ta zo ta ce in tsaya mu ɗaga katifa tukuna. Tela ne ya raɗa wa marigayiya cikakken sunanta, Matafiyiyar Baranda. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin matafiyin da ya fi ta son gida ba, kuma da ya sani da ya ɗinka mata matashin kai maimakon jaka. Ya ce da ni da ita duk sammakal, dogaye ne da aka ɗaure a jikin ƙarfen baranda.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, tsuntsaye sun mayar da ita abin da suka mayar, ba ta taɓa sunkuyawa fiye da kima ba. Ba ta da gulma, abin da ta ji shi take faɗa. Da safe takan ce shshshsh, kamar ana zuba yashi a kwano. Da rana takan yi ƙurrr idan injin tela ya tashi. Idan yamma ta yi, sai ta fara kiii, kiii, di-di-daa, sannan daga ƙarƙashin wannan duka wata murya siririya ta taso, ta wani mutum a wani ɗaki da ba zan taɓa gani ba. Ta ba ni ƙasa goma sha huɗu ban saka takalmi ba.

Aibinta ɗaya ne, kuma ni na ɗora mata shi. Eriya irinta, mai tsayuwa tsaye, tana buƙatar wayoyi huɗu a shimfiɗe daga gindinta, kowace mita biyar. Ni ina kiran su ƙafafu. A fili sai a baza su a ƙasa, shi ke nan. Barandarmu kuwa taku uku ce. Na sako biyu ta kan ƙarfen baranda suna lilo, na bi da ta uku jikin bango. Ta huɗu ta rasa wuri, sai na shigo da ita ta ƙofa, ta ratsa tsakar ɗaki, tsakanin teburina da gadon Baba. Na yi tunani a kai, kada a ce ban yi ba. Na ce wa kaina wanda ba ya tafiya ba ya tuntuɓe. Magana ce mai ma'ana ƙwarai, irin wadda mutum kan shirya wa kansa idan ya riga ya yanke abin da zai yi.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talata, rana ta yi sanyi, na yi kira sai wani ya amsa daga hayin teku, nesa da duk inda ta taɓa kaiwa. Muryar tana zuwa tana tafiya. Yana maimaita lambar kirana ta rediyo, mai haɗe da haruffa, ya kuskure harafi biyu, kuma a wannan sha'ani in ba a kama lambarka daidai ba, tamkar ba ku haɗu ba. A daidai nan na ji gadon Baba ya yi ƙara a bayana. Na ji. Na kuma ji sandarsa ta taɓa ƙasa, sandar da ta yi wata da watanni a jingine. Ban waiwaya ba. Na danna makirfo na gyara wa baƙon haruffansa. Ya maimaita daidai, ni kuma na ji faɗuwar.

Goshin Baba ya fashe, an yi masa ɗinki huɗu. Ƙafarsa mai lafiya ce ta harɗe da ƙafar marigayiya. Bayan ma'aikacin asibitin da tela ya kira ya tafi, Baba kuma ya yi barci, na fita baranda. Na kwance ta, na datse jan ƙarfen gunduwa-gunduwa da filaya, na karya sandar a gwiwata gaɓa bayan gaɓa. Ƙas, ƙas kawai ta ce. Rediyon da na manta a kunne ya ja wani dogon shshsh, sannan ya yi tsit.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in yi shiru. Amma washegari likitar da ke zuwa motsa wa Baba gaɓoɓi ta tambaye ni inda ya faɗi. Na nuna mata. Ta auna daga bakin gado da ƙafarta, taku tara. Ta ce wata takwas tana lallashinsa ya yi taku uku tana riƙe da shi, ya ƙi, ya juya mata ƙeya. Ta tambaye ni me ke gabansa da ya tashe shi. Na duba. Banɗaki yana ɗaya gefen, ruwan sha yana kusa da filonsa. Babu komai a gabansa sai teburina da muryar mutumin hayin teku.

Tun ranar nake juya wannan magana, ta ƙi kwanciya. Marigayiya ce ta tashe shi, ita ta kayar da shi. In na ce tana da laifi, wa ya shimfiɗa wayar? In na ce ni ne mai laifi, me ya sa ita aka karya? Yaya ta ce gara da na yi, da ma tun farko mutum mai jinya ba ya kiwon sandar hira, kuma in ƙafata na ƙaiƙayi in jira Asabar kamar kowa. Ban gaya mata zancen haruffa biyun ba, a nan za ta karanta. Wata tara na ɗauka ni kaɗai ke fita ta wannan taga ta rediyo. Ban taɓa tunanin tsohon direba yana bayana, kwance, yana bin hanyar da kunne ba. Yanzu ɗakin ya yi lafiya, babu abin tuntuɓe, kuma Baba bai sake sauko da ƙafarsa daga gado ba. Idan yamma ta yi yakan juya fuska wajen baranda, ya tattaro leɓensa da ƙyar, ya ce shshsh. Sai ya dube ni.

Marigayiya ta rasu ta bar rediyo ɗaya, wanda ya kurumce tun ranar, da batir da ya cika ya rasa wanda zai ba wuta. Ta bar kebul ɗin da ke haɗa ta da rediyo, mita takwas, naɗe a ƙusa, bakinsa a buɗe. Ta bar jaka sabuwa fil, da tsaunin da ba su taɓa gaisawa ba. Ta bar wani mutum a hayin teku da ya rubuta lambata daidai. Ta kuma bar maza biyu a ɗaki ɗaya.

An shirya jana'iza ranar Asabar da hantsi, bayan isowar Yaya, a wurin zuba shara na bayan bene. Tela ya ɗauki nauyin sauka da ita a cikin jakarta, ya ce ko ba komai ta yi tafiya ɗaya a rayuwarta. Sai dai da na tattara gawar na ƙirga, gaɓa shida na samu. Ta bakwai, siririyar ta can tsini, ta gangaro cikin ɗaki ranar da abin ya faru, kuma tana hannun Baba. Da ita yake barci. Na gwada zarewa sau biyu, ya damƙe da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Don haka an ɗage jana'iza har sai ya saki.

Masu zuwa ta'aziyya su hawo sama, don ni ba na sauka. Ba a buƙatar a kawo komai. Wanda kuma yake da wayar jan ƙarfe mita ashirin da biyar a ajiye, ban ce ya kawo ba. Amma kada ya ba kowa tukuna.